Manet ba sitiyari ba ce

Laraba, bayan isha'i.

Yau mun yi musu mai zafi da ƙanena Bashiru a shagon wasan bidiyo. Sau uku ya cinye ni a tseren mota, sai ya ce wai wasan daidai yake da tuƙin gaske, shi ma zai iya tuƙa tasi kamar ni. Shi da ko permi, wato lasisin tuƙi, ba shi da shi! Na ce masa da yatsa kawai ake juya manet, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ba ta nuna maka nauyin tasi cike da fasinja a gangaren unguwar Messa.

Ya yi dariya a gaban mutane, ya ce, "Yaya, zan nuna maka."

Har yanzu bai dawo gida ba. Na duba ƙusar da nake rataye makullin tasina, babu komai a jiki.