Baba, Na Koma Sahu

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Liman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ɗanka ne, Idrisu. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Ina rubutawa ne don in sauke abin da ke raina, mutanen garin nan kuma su ji daga bakina su huta da raɗe-raɗi. Da hantsi nake rubutu, lokacin ne kaina yake zama daidai.

Baba, na sauka daga limanci. Yau kwana tara, in ji matata Hajara, don yanzu ita ke riƙe mini ƙidayar kwanaki.

Ka tuna ranar da ƙafa ta ƙi maka, ka kama hannuna ka tsayar da ni gaban sahu? Ka ce, "Idi, wurin nan ba a barinsa sai a makara." Na ce to. Shekara goma sha tara ina riƙe da alkawarin nan. Yanzu ina da arba'in da takwas, ko furfurar kirki ban tara ba, ga shi na saɓa maka. Bari ka ji dalili.

Abin ya faro bara waccan, bayan ruwa ya janye. Na hau babur zuwa bakin kogi, na tsallaka zuwa fadamarmu ta wajen Auyo a kwalekwale, da na dawo na wuce babur ɗin a gindin tsamiya na taho gida a ƙasa. Har na tara jama'a wai an yi mini sata. Aka yi dariya, ni ma na yi. Bayan nan na zuba wa fangalin shinkafa ɗaya taki sau biyu, ta ƙone. Wannan kam ba wanda ya yi dariya.

Sai abin ya biyo ni masallaci. La'asar ta zama raka'a biyar, Magariba huɗu. Alhaji Gambo, ka san muryarsa, in ya ce "Subhanallah" har masunta a bakin ruwa sai sun ji. Kusan kullum sai na yi ƙabli ko ba'adi.

Kowa ya zama likita. Wannan ya ce sammu, wancan ya ce iska ce ta shafe ni a cikin ciyawar kachala ta bakin ruwa. Na sha rubutu har na gaji, ni da nake rubuta wa wasu. Daga baya ƙanena Sabo, na'ibina, ya kai ni asibiti a Kano. Likita ya faɗa mini kalmomi uku, ya ɗan ja ni da hira, ya ce in maimaita. Baba, ni da na haddace izu sittin a gabanka, kalmomi uku suka gagare ni.

Ya ce cutar mantuwa ce, suna kiranta dimenshiya, ƙwaƙwalwa ce take lalacewa a hankali. Na ce ai wannan ta tsofaffi ce. Ya ce takan kama wanda bai kai sittin ba. Ba a warkewa, ƙwayoyi dai suna iya ɗan taimakawa. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Aƙalla ba wanda ya yi mini sammu, na daina kallon maƙwabta da gefen ido.

Na yi dabaru. Ina da ɗan littafi a aljihu da nake rubuta wanda ya zo da abin da ya ce. Hajara ta ɗinka mini takarda mai sunan garinmu a cikin hula. Na daina shiga fadama ni kaɗai. Karatun da ka ɗora mini yana nan daram, abin da na ci da safe ne ba na sani. A salla kuwa na sa zobe, kowace raka'a in matsar da shi yatsa na gaba. Matsalar ita ce, sai in manta ko na matsar.

Ana nan sai na daina jin "Subhanallah". Sati ya wuce, wata ya wuce, Alhaji Gambo shiru. Na yi murna, har na ce wa Hajara maganin nan ya karɓe ni. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar nan bayan La'asar na kama hanyar gida, sai na ji kaina ba hula. Na koma ɗaukowa. Ina leƙawa na ga sahu biyu cif, Sabo a gaba, suna sake sallar da na ja musu yanzu-yanzu. Ashe uku na yi na sallame. Na tsaya a bakin ƙofa har suka idar.

Raina ya ɓaci, Baba. Haba! Ni za a mayar yaron goye? Sabo ya ce sun kusa wata biyu a haka, duk ran da na kuskure sai su bari in fita su sake. Wai ba sa son su kunyata ɗan Malam Garba. Kana ƙasa ma kunyarka suke ji. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suna salla sau biyu don kada in ji ciwo, ni kuma ina yawo ina cewa na warke. Na yi faɗa, na shiga ɗaki na yi kuka.

Da aka tada iƙamar Magariba na kama hannun Sabo kamar yadda ka kama nawa. Ban ce masa sai a makara ba. Na ce masa ranar da ya ga an fara yi masa kara, ya sauka.

Yanzu ina tsayuwa a bayansa, kafaɗata da ta Alhaji Gambo. Ranar farko na kai hannu ga zobe, sai na tuna abin da ka karantar da mu a zaure, kana buga allo da yatsa: "Liman yana ɗauke wa mamu rafkanwa." Sau nawa ni ma na faɗa wa ɗalibai, ban taɓa jin daɗinta ba sai ranar. Na cire zoben na sa a aljihu. In Sabo ya sunkuya in sunkuya, in ya ɗago in ɗago.

Likita bai ɓoye mini ba, wata rana ko sunan Hajara zai iya ɓace mini. Ina tsoron ranar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Na dai roƙi Sabo abu ɗaya: ko na daina gane shi, ya riƙa kamo hannuna yana tsayar da ni a sahu.

Ka yafe mini alkawarin, Babana. Na bar gaba, amma ban bar masallacinka ba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya saka wa Hajara, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen abin da zai rage a bakina.

Ɗanka na sahun farko,
Idi.