Lambar da Baba Ya Bayar

Ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Yara suna gaishe ka, babansu ma haka. Na ba Dogo direba wannan takarda ne don na gaji da kiran wayarka ba ka ɗauka. Takarda kam ko ba ka so sai ka buɗe, na san ka da son jin ƙwaƙwaf.

An raba ni da aikina, Auta, ko da yake ba korata aka yi ba. Ka san shekara goma sha tara ina sashen lafiya na hukumar birni, aikina guda: in ɗauko sakamako daga ɗakin gwaje-gwaje, in nemi mai shi, in faɗa masa. Wanda nasa ya yi kyau in aika masa, wanda nasa bai yi kyau ba in taka da ƙafata har gidansa. To, watan jiya hukuma ta ba wani kamfani kwangilar wannan aiki. Yanzu da an gama gwaji, na'ura ce ke tura saƙo zuwa lambar wayar da mutum ya bayar a fom. Ba zan yi musu sharri ba, suna da sauri, abin da nake kwana goma ina yi su kwana uku sun gama. Ni kuma an ba ni tebur kusa da taga ina buga hatimi a takardun masu neman hutu. Ko leƙa sakamakon ba a bari in yi, wai sirrin mai shi ne. Ranar da na rataye jakar yawona a bayan ƙofa, wallahi sai da na share hawaye.

Baba yana nan, kullum a shagonsa na kafinta, ko da aiki ko babu. Tari ya matsa masa, ya rame. Ya ce ƙurar katako ce. Na ce mu je a duba shi, ya ce shi ba ya zuwa inda 'yarsa za ta san cikinsa. Ba ka tambaya ba, amma na faɗa maka.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, ina gaishe ki da maigida da yara. Maganar waya kuma, mai gyaran firji kullum hannunsa a cikin aiki yake, ki yi haƙuri.

Kamfanin nan naku mai sauri, ki gaya musu na'urarsu ta fara hauka. Ranar Litinin ina tsugunne a bayan firjin wani mai kanti saƙo ya shigo min. Ga abin da aka rubuta, na kwafo miki:

“Sakamakon gwajin kaki ya nuna akwai tarin fuka. A zo cibiyar lafiya cikin kwana goma da wannan lambar sirri don fara shan magani.”

A sama kuma cikakken sunan Baba ne, da shekarunsa daidai. Da farko na ɗauka 'yan damfara ne, sai ga takardarki tana maganar tari. Amma ke da kanki kin ce ya ƙi zuwa asibiti. Ko da ya je ma, me zai haɗa shi da lambata? Shekara huɗu ko sallama ba ta haɗa mu ba. Kuskure ne, na tabbata.

Duk da haka ki duba da sauri, Yaya. Tun da na karanta saƙon nan abinci ya ƙi shiga.

Na bar ki lafiya.
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Na je teburin kamfanin da ke hawa na biyu. Yarinyar da ke wurin ta miƙe ta ba ni kujera, ta kira ni Mama, sannan ta hana ni cikin ladabi. Ban ji haushinta ba, aikinta ta yi. Daga nan na nemi nas ɗin da ke zama a rumfar gwaji ta kyauta a bakin kasuwa, tsohuwar ƙawata ce. Ita ma ba ta ga sakamako ba, kaki kawai take karɓa ta cike fom. Amma ta tuna da Baba. Ta ce ya zo ranar Juma'ar da ta wuce, shi kaɗai, da fensir a bayan kunne, ya bari sai da layi ya ƙare. Da ta tambaye shi lambar waya ya ce ba ya riƙe waya. Ta ce ya ba da ta wani nasa, wanda zai kawo masa labari. Sai ya karanto mata lambarka da ka, bai yi gargada ko sau ɗaya ba. Ta ce ta wa ce? Ya ce, “Ta ɗana ce.”

Auta, lambata tana rubuce a bangon shagonsa da manyan baƙaƙe, ni na rubuta da hannuna. Tafiyar minti goma ce tsakanina da shi, kuma faɗar irin wannan labari shi ne sana'ata. Duk ya san wannan, ya tsallake ni. Ba zan ɓoye maka ba, na ji kishi, na yini ina kumbure-kumbure har babansu ya tambayi wa ya taɓa ni. Da na huce sai tausayi ya kama ni. Ban san tun yaushe tsohon nan yake maimaita lambarka a ransa ba.

Ba kuskure ba ne. Ciwon yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi, amma ba ya jiran kowa ya gama fushi. Ka zo ka faɗa masa.

Ina jiran amsarka ta hannun Dogo.
Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta sau uku.

Ga lambar sirrin nan na rubuta miki a bayan takarda. Ki je ki faɗa masa, ki kai shi ya fara magani, ke kika iya. Ke ba ki nan ranar da abin ya faru, shi ya sa kike ganin da sauƙi. A gaban masu sayen kujera na ce masa sana'arsa ta mutu, ba zan ƙare rayuwata ina shaƙar ƙura kamarsa ba. Bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo, na ba shi makullin shago, ya juya ya ci gaba da zarto. Da zagina ya yi da tuni na dawo.

Yanzu bayan shekara huɗu in shigo masa, kuma abin da zan fara buɗe baki da shi ciwo ne? Tsoro nake ji, Yaya. Ban san yadda ake faɗa ba. Ko da zan zo, ban san da wace kalma ake farawa ba.

Ki gaida yara.
Ƙanenki

*

Auta na,

Sallama. Lambar sirri na gan ta, na ajiye. In Laraba ta yi ba ka zo ba, zan tafi da kaina, don ba zan yi wasa da ƙirjin Baba saboda kunyarka ba. Amma ka ce ba ka san yadda ake faɗa ba, to wannan kam ka zo gidan masu shi. Babu wanda ya tambaye ni tun da kamfani ya karɓi aiki, bari in juye maka.

Ka je da safe, kafin masu sayayya su fara zuwa. Kada ka faɗa a tsaye, kada ka faɗa daga bakin ƙofa. Ka nemi abin zama da ya fi nasa ƙasa. Ka buɗe taga, ciwon a iska yake tafiya, amma kada ka ja baya in ya yi tari, yana kallonka. Ka gaishe shi sosai, sai dai kada ka ja gaisuwar, mai jiran sakamako ya san abin da ya kawo ka tun daga takunka. Ka kira sunan ciwon sau ɗaya, a fili, ban da kwana-kwana. A numfashin da ka faɗa, a shi za ka ce ana warkewa.

Daga nan ka yi shiru. Nan ne wurin wuya, kuma nan na san za ka so ka ɓata, mai bakin tsiya. Kada ka cike shirun da surutu. Wani zai yi faɗa, wani zai tambaye ka abin da bai shafi ciwo ba sam. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata inda na sayi takalmina. Duk abin da ya tambaya, shi za ka amsa.

Maganar shekara huɗu kuwa, ban da darasi a kanta. Wannan taku ce.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka mai sonka

*

Yaya,

Sallama. Na zo ofis an ce kin shiga taro, shi ne na bar miki wannan a ƙarƙashin hatiminki.

Na same shi yana fiƙe fensir. Na buɗe taga, na jawo guntun katako na zauna. Daga nan duk darasinki ya gudu. Na ce “Baba,” sai kuka ya ƙwace min kamar yaron goye. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, “Sun ce min kwana uku. Yau sha ɗaya.” Na faɗa masa sunan ciwon, na ce ana warkewa. Ya ce to. Ya tambaye ni ko na karya kumallo.

Mun je cibiya, ya haɗiye maganin farko a gabana. Sun ce ke da yara ma ku zo a gwada ku, ni an riga an karɓi nawa. Sai nas ta ce ana buƙatar mutum ɗaya da zai sa hannu, wanda zai tsaya a kansa kowace safiya ya ga ya sha, har wata shida. Baba bango yake kallo. Na karɓi biron.

Ki gaya wa Dogo ya taho min da akwatin kayan aikina. Firji a ko'ina yana lalacewa.

Sai kin taso, muna shago.
Auta