Baƙon Tulu a Kabarin Baba

Ƙauyen Pak-sa, watan share kaburbura

Zuwa ga maigidana, baban Ming-tek,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da fatan zafin Penang, can ƙetaren teku, bai sa ka rame ba. Inna, mahaifiyarka, tana gaishe ka. Ming-tek dai har yanzu tarin nan bai sake shi ba.

Ka zauna kafin ka karanta sauran. Ka san tun da gonar shayinmu ta mutu, tari ya kama yaro, Baffa Yun-hoi ya dage sai an duba kabarin Babanka. Ya kira Malam Tseng mai duban iska da ruwa don gane albarkar wurin kabari, wannan mai tsadar tsiya da ba ya taka tudu sai an yanka masa kaza. Ya ɗora faifan dubansa, ya kalli dutsen da ke bayan kabarin kamar majinginar kujera, ya kalli rafin da ya zagayo gabansa, ya ce wuri kam babu irinsa. "Amma akwai mai shanye muku albarkar kafin ta iso," in ji shi. Ni dariya ma na yi a zuci.

Aka haƙa don a fito da tulun da aka binne ƙasusuwan Baba a ciki bisa al'adarmu, a wanke su. Baban Ming-tek, tulu biyu muka tarar! Baƙon yana sama, ta wajen da albarkar dutsen ke fara sauka. Ƙasusuwan cikinsa a bushe, rawaya shar, gwanin kyau. Na Baba kuwa an ture shi gefe, ruwa ya shiga, sun yi baƙi ƙirin. Na ga haƙarƙarin mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa yana iyo cikin laka. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Baffa ya rantse sai ya fasa baƙon tulun a tsakiyar kasuwa, ya ga wanda zai yi ihu. Na ce ni zan miƙa masa guduma. Inna kuwa baƙin ciki ya hana ta ko shan ruwan shinkafa.

Ka ƙona wa Baba turare daga can inda kake.

Matarka,
Kwai-ying

Ƙauyen Pak-sa, bayan kwana kaɗan

Zuwa ga baban Ming-tek,

Ina gaishe ka, ina fatan wasiƙar farko ta same ka da ƙarfin zuciya, don wannan ta fi ta nauyi. Jikin yaro da ɗan sauƙi.

An tara dangi a zauren kakanni, aka girke tulun a tsakiya. Baffa ya ɗaga guduma ke nan, sai Inna ta taso da sandarta ta kwanta a kan tulun. "Yun-hoi, sauke hannunka. Ubana ne."

Baffa ya sauke gudumar.

Ta ce mahaifinta ɗan dakon gishiri ne, ya mutu ba shi da ko taƙin ƙasa. Tulunsa ya yi shekara da shekaru a ƙarƙashin wani falalen dutse, awaki na fitsari a kansa, 'yan'uwanta maza na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka samo wa Baba wurin nan, ita kaɗai ta goyo tulun a bayanta a ɓoye, ta haƙa da fartanya ta binne shi a nan. Ba ta san ta gusar da na Baba ba. Yanzu ka gane yadda aka yi kawunka Lim-sang, ɗan'uwanta da ya rage, ya tashi daga dako ya mallaki shago a birnin Swatow.

Baffa ya ce, "Shinkafarmu kika ci shekara da shekaru, ashe ɓarauniya muke ciyarwa!" Ta ce, "Na haifa muku ɗa, na binne muku matattu. Ubana fa, wa zai binne shi?"

Dattawa sun yanke a mai da ta gidansu, kada a binne ta kusa da Baba, kada a rubuta sunanta a allon kakanni. Amma kai ne babban ɗa, sun ce sai da bakinka. Har amsarka ta zo, tana ɗakin ajiyar itace, ita da tulun.

Na shiga da niyyar in faɗa mata magana a kan tarin ɗana. Ta dube ni ta ce, "Kwai-ying, naki uban ina yake kwance?" Ka san inda yake: bakin fadama, inda ruwa ke rufe shi duk damina. Na koma na ɗebo mata shinkafa da kaɓewa.

Haushinta nake ji har yanzu, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka sani, in ka rubuto a kore ta, ba za ta iya ɗaukar tulun ba, bayanta ya riga ya tanƙware. Ni zan goya mata shi har ƙauyensu, a gaban kowa.

Ka yi tunani sosai kafin ka jiƙa alƙalami.

Matarka mai jiranka,
Kwai-ying