Hajiya, Ɗan Tsalle Ya Dawo

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Binta,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta wanda aka tafi aka bari, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ina nan Wambai, a ɗakin da kika sani, ƙafa sai a hankali, ido kuwa ya ƙara yin baya.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in sanar da ke cewa shirinki na talabijin na ranar Lahadi ya dawo. Sun sako sabon zango. Jarumin nan mai rufe fuska da kika raɗa wa suna Ɗan Tsalle yana nan, yana bin rufin gidajen mutane kamar babu titi a garinsu.

Kin tuna yadda muke kallonsa. Ke ba Turanci, ni kuma yanar ido ta riga ta kama ni. Sai muka raba aiki: ke ido, ni kunne. Ki ce, "Malam, ya faɗo daga bene, ko ƙwarzane bai yi ba," ni kuma in fassara miki abin da ya faɗa da ya miƙe. Idan na tsawaita bayani sai ki ce, "Ba aji kake ba, taƙaita." Shekaruna duka ina koyarwa, babu ɗalibin da ya taɓa katse ni sai ke.

Bari in ba ki rahoton rabin da ya rage mini. Surutu ya yi yawa a bana, kuma sun ƙaro sababbin jarumai masu murya iri ɗaya, ba na bambance su. Mugun nan da kike kira Kan Tulu, wanda kika tafa hannu ranar da ya nutse a teku, ashe bai mutu ba. Abokin Ɗan Tsalle ma da kika yi wa hawaye sun dawo da shi, wai daga wata duniyar. A garin nan nasu babu wanda ke tafiya ya daɗe. Na yi istigfari, don na ji zuciyata tana yi musu hassada.

Idan aka fara faɗa kuwa, sai ƙarar ƙarfe da fashewar gilashi. In juya dama in ji wa ke cin wa, in tarar da kujerarki.

Saratu, autarmu, ta daɗe tana fama da ni a kan aikin ido. Takan baro Abuja a gajiye, ta sha cunkoson hanya, ta zauna tana lallashina. Likita ya ce aikin ba mai tsawo ba ne, amma idan na ƙara ja, abin zai yi wuya. Na ƙi. Tsoron wuƙa yana ciki. Sauran kuwa, na ce mata abin da nake son gani ai an rufe shi da ƙasa.

To, ga abin da ya faru Lahadin nan. Kin san gardamarmu a kan uwar Ɗan Tsalle, tsohuwar nan mai ɗinki. Ni na ce ba ta san ɗanta ne jarumin ba. Ke kika ce, "Wace uwa ce ƙyalle zai ɓoye wa ɗanta? Ko tafiyarsa ta isa." Kika tafi ba a raba mana ba.

Sai ga Ɗan Tsalle ya shigo mata shago da rauni. Na ji buɗe ƙofa, na ji keken ɗinki ya tsaya. Na kasa kunne in ji me za ta ce. Hajiya, ba su ce uffan ba. Kiɗa kawai suka saka, mai taushi, har shirin ya ƙare. Amsar duka tana fuskar tsohuwar nan, ni kuwa farin hayaƙi nake gani.

Maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, wadda ba ta fasa aiko mini da kunu ba tun rasuwarki, ta leƙo da murnarta za ta ba ni labari. Na ce ta riƙe bakinta. Dama ita ɓangarenki take tun farko, ba zan karɓi shaidarta ba. Wannan fuskar, ni zan duba ta da kaina, in zo miki da gaskiya ko da ni ne na faɗi.

Saboda haka na yarda a yi aikin. Saratu ce ke buga mini wannan wasiƙa a wayarta, kuma yanzu take jin haka tare da ke. Ga ta nan ta tsaya tana jan hanci, sai da na ce mata ta ci gaba, ban gama da uwarta ba.

Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma zan je.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya yafe mana baki ɗaya. Idan nawa lokacin ya yi, Ya sa in gan ki tar, ba sai an kwatanta mini ba. Amin.

Naki har kullum,
Malam