Itatuwan da Kuka Tuge a Bakin Kududdufinmu

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatan buronka, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna, na tsoho ne. Sunana Idi Mamman, daga Tungar Marke. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Konni tun zamanin da ake tsoma alƙalami cikin tawada, kuma a can aka koya mana cewa maganar hukuma ba a musa ta. Da wannan tarbiyya na tsufa, ita ce kuma ta kawo ni inda nake yau.

Ban sa sunanka ba, ban sa na ƙaramar hukumar ba, domin ba tozarta ka nake nufi ba. Ka san kanka, ka san ni. Na mai da wasiƙar buɗaɗɗiya ne saboda na zo buronka na zauna bisa benci har ƙafafuna suka kumbura, ban gan ka ba. Wataƙila idan wasu suka karanta, wani zai faɗa maka.

Na farko, bari in tuna maka abin da ka sani. Mu mutanen tudu ne, babu mai iya iyo a garinmu. Abin da ya tsare 'ya'yanmu tun da can shi ne itace da jan tsumma. Kowace bazara, kafin ruwan farko, lokacin da gindin tabki yake a bushe ana ganin kowane rami, mahaifina yakan shiga ya kafa dogayen itatuwa a bakin duk inda ƙasa ta zurma, ya ɗaura wa kowanne jan tsumma a kai. In ruwa ya cika, kawunan itatuwan kaɗai ake gani. Doka ɗaya ce, kowane yaro yana jin ta tun yana goye: kada ka wuce ja, inda babu ja, taka ba tsoro. Da ya rasu ni na gaje shi. Da masu aikin hanya suka haƙa babban kududdufi gabas da gari don ɗibar tsakuwa, suka tafi suka bar shi a buɗe, sai na mayar da aikin can, domin can mata suka koma wanki, can ake shayar da awaki. Matan gari suna kiran itatuwan sojojin Baba Idi. Sukan ce sojojina sun fi ni tsayuwa da kyau. Ranka ya daɗe, kai ma gidan kakanninka na wajen uwa yana nan kusa da mu. Ka yi wanka tsakanin itatuwan mahaifina. Ba sai an fassara maka jan tsumma ba.

Na biyu, ranar bikinku. Shekara biyu ke nan, da damina, muka ji a rediyo cewa duniya ta ware rana don hana mutane mutuwa a ruwa. Na yi murna ƙwarai, na ce ashe akwai masu tunanin abin da ya dame mu tun daga ƙasashen nesa. Kuka zo da baƙi cikin fararen motoci, aka kafa rumfa a bakin kududdufi, aka raba wa yara huluna. Abin da baƙin suka faɗa gaskiya ne, ban ga aibinsa ba: a kewaye ramuka, a sa ido kan ƙanana, a koya wa yara iyo. Amma kafin a ɗauki hoto, wani daga cikin ma'aikatanka ya ce waɗannan tsummokara suna ɓata wuri, baƙi za su ɗauka tsafi muke yi. Aka sa samari suka shiga suka tuge su. Ina tsaye ina kallo.

Kai da kanka ka zo ka riƙe hannuna a gaban jama'a. Ka ce, "Baba, ka huta haka nan. Daga yau hukuma ta karɓi wannan aiki. Shingen waya yana zuwa, kada ka ƙara wahalar da kanka da itace." Aka tafa. Ni ma na tafa. Na koma gida ina gaya wa jikata Zalika cewa mijinta ya samu ritaya ta biyu, domin haka muke wasa da ita, tana kirana angonta marar haƙori. Abin da kuka bari a wurin allon ƙarfe ne guda, an rubuta gargaɗi da Faransanci, an kafa shi yana fuskantar kwalta. Direbobin motocin siminti da suke fitowa daga Malbaza su ke karanta shi. Matan da suke wanki bayansa kawai suke gani, kuma ko sun ga gabansa ba su yi lakwal ba.

Waccan damina Allah ya tsare, domin mata suna riƙe da wuraren itatuwan a ka.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Da rani ya yi, katafila ta dawo ɗibar tsakuwa. Ba ta haƙa inda ta saba ba, sai ta ci gefen da mata suke wanki, inda ƙasa take gangarawa a hankali, ruwa bai wuce gwiwa ba. Ta sare wurin tsaye kamar bangon rijiya, zurfinsa ya fi tsayin namiji da hannunsa a miƙe. Na je na gani da idona. Na hau amalanke, na hau kabu-kabu duk da ciwon baya, na zo buronka. Sakatarenka ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce wayar shingen tana Tawa, mota ake jira. Na ce to a bar ni in kafa itatuwana kafin ta iso. Ya ce a'a Baba, wurin yana hannun hukuma yanzu, baƙin za su iya dawowa duba aiki kowane lokaci, kada a ga kamar an koma baya. Na sake dawowa ana gab da shuka, aka ce kana taro a Ilela. Na koma gida na bi doka. Na gaya wa liman ya yi sanarwa, ya yi. Na gaya wa matan da na iya kaiwa gare su. Amma faɗa da baki ba ya tsayawa cikin ruwa. In ruwa ya sauka ja-wur da laka, gabas da yamma duk kama ɗaya suke, ba mai iya nuna inda tsohuwar ƙasa ta ƙare, sabon rami ya soma.

Na huɗu. Zalika ɗiyar ɗana ce. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙanenta, shi ma bai zauna ba. Ubanta ya tafi cirani can bakin teku, sai murya a waya lokaci-lokaci. Matata ta riga ni. Ni da ita kaɗai muka rage a gidan. Ita ke dama mini fura, ita ke zura mini zare a allura, ita ke ɓoye mini goro wai likita ya hana.

Bara, bayan babban ruwan da ya cika kududdufin, ta ɗauki wanki da hantsi tare da maƙwabciyarmu Hajo. Na ce ta kula da gefen nan. Ta ce, "Ango, kai dai ka tsare mini tukunya kada ta ƙone, na san wurina." Ta san wurinta kuwa, nan take wanki tun tana bin kakarta. Hajo ta ce ta ga ta tsaya ta dubi ruwan, ta matsa gefe kamar mai tuna gargaɗi, sannan ta shiga ɗauraya har gwiwa. Ba ja a gabanta. Ta ƙara taku ɗaya. Hajo ta kwance zanenta ta jefa mata, bai kai ba. Matan da suke wurin suka yi ta kururuwa, babu wadda ta iya shiga. Sai da wani Bafillace mai shayar da shanu ya zo ya nutsa, ya fito da ita bayan azahar. Rigata ta sallar Juma'a tana bisa dutse, da sabulu a jikinta.

Ni Musulmi ne, na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na karɓi hukuncin Ubangijina. Amma Ubangijin da ya rubuta ajali shi ne ya ce a cika alkawari. Jandarma sun zo sun yi tambayoyinsu sun tafi. Daga buronka an aiko wani da buhun shinkafa da gaisuwa, ya kuma yi wa mata nasiha cewa su riƙa kula da yara. Kai ba ka zo ba. Hannun da ka riƙe a gaban baƙi yana nan, ba ka dawo ka riƙe shi ranar da yake bukata ba. Da ba ku zo da bikinku ba sam, da itatuwana suna tsaye. Ban taɓa zaton waɗanda suka zo da sunan tsare mu daga ruwa su ne za su cire ɗan abin da yake tsare mu, su tafi ba su sa komai a gurbinsa ba.

Yanzu bazara ce. Hadari ya soma haɗuwa ta gabas, gindin kududdufin a bushe yake, ana ganin bakin ramin sarai. Da zarar ruwa ya sauka, aikin ya wuce sai wata shekara, kuma 'ya'yan Hajo da sauran yaran gari nan za su je. Don haka ga roƙona.

Ka sa masu katafila su dawo su cike gefen da suka sare, ko su kwantar da shi ya zama gangare. Wanda ya haƙa ya san yadda zai gyara.

Idan wayar nan tana nan da gaske, a kawo ta kafin ruwa. Idan babu ita, ka faɗa mana babu, mu daina jira.

A juyo da allon nan ya fuskanci masu wanki, a zana hoton da kowa zai gane.

In baƙin sun dawo, a kai su wurin matan gari su tambaye su abin da suka sani game da wannan ruwa, kafin a kafa rumfa. A kuma nemo mai koya wa yaranmu iyo, kamar yadda suka faɗa da bakinsu.

Na ƙarshe ba roƙo ba ne, sanarwa ce. Na sa an saro mini itatuwa, suna jingine a zaurena. Ban sami jan tsumma a gidan ba sai zanen sallar Zalika, wanda ubanta ya aiko mata. Na daɗe ina riƙe da shi, jiya na yayyaga shi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan shiga kududdufin da sandata in kafa su, ko da zan yi ta hutawa bayan kowane ɗaya. Wannan ne karo na farko a rayuwata da zan saɓa wa maganar hukuma. Idan za ka aiko a hana ni, ka aiko mai ƙarfi, ya taho da diga, domin ƙasar ta yi tauri kuma ni ba na iya haƙa kamar da.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama mulkinka lafiya, ya tsare maka 'ya'yanka da jikokinka daga ruwa da wuta. Allah kada ya nuna maka ranar da za a kawo maka wankinka daga bakin ruwa ba tare da wadda ta tafi da shi ba.

Wassalam.

Idi Mamman,
Tungar Marke.