Abin da Rabi Ta Yi Mini a Gubuchi

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan Makarfi sai godiya.

Kin san cin nan da ke taso mini in raina ya ɓaci, in ci har cikina ya yi ciwo, in koma kuka. Malamar asibiti ta ce cuta ce, ba haɗama ba. Ta koya mini cin abinci a kan lokaci da tattakin safe. Rabi 'yar Kawu kaɗai na gaya wa zancen asibitin, don ita ke raka ni tattakin.

Ranar suna a Gubuchi, ana ajiye tiren waina sai Rabi ta nuna ni, ta ɗaga murya: "Ku ware mata nata, kada ta cinye! Har asibiti an san ta." Mata suka kwashe da dariya. Da na yi mata magana, wai, "Haba, wasan taubasai ne."

Yaya, taubashi yana tsokana, amma ba ya tona asiri. Ina isa gida na cinye tuwon yara a tsaye.

Gobe zan fita tattakina ni kaɗai. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In Rabi ta kira ki, kada ki ce ina gaishe ta.

Ƙanwarki,
Binta