Abin da Na Gani a Wuyanki

Zuwa ga Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya haskaka makwancinki.

Jiya na ari kaset ɗin fim a shagon Ba'indiyen nan da muke sayen shinkafa, karon farko tun rasuwarki wata takwas da suka wuce. Labarin wasu Indiyawa ne mazauna ƙasar waje. Matar gidan ta mutu, dangi suka ce tsautsayi ne, ɗan sanda ya ƙi yarda. Ban kai ƙarshe ba na kashe bidiyon.

Kin tuna yadda kike ɓata mana kallo a falonki na nan Greensboro, a Amurka? Ba ma jin yarensu, amma kafin waƙa ta biyu kin gano mugun. Sai ki ce, "Jummai, ki duba wanda ya fi kowa kuka."

Ranar jana'izarki, sai da maza biyu suka riƙe mijinki saboda kuka.

Ya ce a banɗaki kika zame. Dattawanmu suka yi ta zirga-zirga don kada hukuma ta farke gawarki don bincike, a binne ki kafin la'asar kamar a gida. Da suka yi nasara har hamdala muka yi.

Ni da Hajiya Mairo muka yi miki wanka. Da na ɗaga kanki, na ga shatin yatsu huɗu a bayan wuyanki, ƙarƙashin gashi. Hajiya ma ta gani. Ta ja zane ta rufe, ta ce abin da mai wanka ta gani amana ce, ba a faɗa. Na ci gaba da zuba ruwa.

Har yau mijinki yana gaishe ni da fara'a. Ranar sallah ya tambaye ni ko mun sha wahalar wankan, bai ɗauke ido daga kaina ba sai da na amsa.

Ranar Asabar amaryarsa za ta sauka daga Zariya. Ni ya roƙa in tarbo ta, wai ni ce aminiyarki. Daga filin jirgi zuwa ƙofarsa tafiyar minti ashirin ce. Tsoro nake ji, Yaya, sosai. Amma a cikin motar zan faɗa mata.

Ki yafe mini, Yayata, zan buɗe abin da aka ce in rufe miki. Allah Ya jiƙanki, Ya sakar mini harshe ranar Asabar, Ya sa yarinyar ta yarda da ni kafin mu iso.

Ƙanwarki,
Jummai